Adda Sadiƙa da Gobarar Madafar Denise

Adda Sadiƙa, ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, da hantsi, ɗanki Bilya ya kira ni daga asibiti ya ce Allah ya yi miki rasuwa. Ina cikin feran kifi a lokacin. Na ce masa to. Na ajiye wayar, na ƙarasa kifin da ke hannuna, na wanke wuƙar. Har yau ban yi kuka ba, kuma ban san dalili ba.

Ni ce Véronique, mai girki a gidan abincinki da ke Yelwa, nan Garwa. Daga Mokolo na sauko da buhun wake a kai da goyo a baya, Hausata ta kasuwa ce kawai. Kika sayi waken, kika dubi yaron, kika tambaye ni inda zan kwana. Na ce ban san kowa a garin ba, kika tafi da mu gidanki. Tun daga ranar ba mu rabu ba. Kin ce kada in kira ki Hajiya, in ce Adda, tunda ba ni da yaya a garin nan. Ke kika koya mini miyar folere, wato yakuwa, da suyar giwan ruwan Binuwai. Duk Lahadi ke kike riƙe madafa ke kaɗai don in je coci, ba ki taɓa yi mini gori ba. Da mijina Jérémie ya kwanta jinya, kwanon abincinsa ba ya yankewa.

Mutane sun san ki da fara'a, amma a kan wayar lantarki ba kya wasa. Wayar da ta ɓare ba a naɗe ta da leda a madafarki, cire ta ake yi. Waya ba ta bi ta bayan murhu, ba ta ratsa wurin wanke-wanke. Ba a jona firigo, wato firji, da injin markaɗe a wuri guda. Akwai bokitin yashi a bakin ƙofa, wanda ba ki yarda a taɓa ba. Kullum kina cewa, “Idan kun ji warin roba, ku fara kashe wuta daga mita. Wutar lantarki ba a zuba mata ruwa.”

Na tuna wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, rumfa cike da mutane, kika tsaya cak da ludayi a hannu. Kika kashe mita, fanka ta tsaya, kika ba kowa haƙuri ya tashi. Wasu suka fita suna gunaguni. Da Sharif mai gyaran wuta ya zo ya janye firigo, ya tarar ɓera ya gaigaye waya, katakon da ke bayanta har ya yi baƙi. Kika zuba masa abinci.

Kin sha bin maƙwabta kina yi musu wannan magana. Wasu sun ji, wasu sun ce sai kasuwa ta buɗe.

Ranar Asabar da ta gabaci rasuwarki, da tsakar rana, hayaƙi ya taso daga madafar Denise, mai gidan abincin da ke jikin namu. Zafin murhu ya narkar da wayar da ta bi ta bango, wuta ta kama silin. Muka fito muka tarar Denise tana ciki, 'yarta Carine ta ɗauko ruwa a bokiti za ta watsa. Kika riƙe hannunta kika ce, “Ajiye, 'yata! Ina mitar?” Ta ce tana can ciki, bayan ƙofa. Kika toshe hanci da mayafi kika shiga. Kin kashe mitar, kin rufe tukunyar gas, kin jawo Denise waje. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, maza sun ci ƙarfin wutar da yashi. Ba ta tsallaka ko shago ɗaya ba.

Da ƙafarki kika fito. Kina tari, kina cewa ba komai, in je in duba shinkafa kada ta kama. Na je na duba. Da na dawo an sa ki a mota. Likita ya ce hayaƙin ya yi wa huhunki illa.

Denise tana zuwa gidan makoki kullum, ta zauna a bakin ƙofa, ba ta iya shiga. Jiya mijinki, Alhaji Taufiƙ, ya fito da kansa ya ce mata kwana ne ya ƙare, ta shigo cikin mata. Ya kuma ce in buɗe gidan abincin ranar Litinin, kada ma'aikata su watse. Na ce to. Zan hura wuta, zan ɗora tukunya. Ban san wanda zan miƙa wa ludayi ya ɗanɗana gishiri ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Alhaji Taufiƙ, da 'ya'yanki Bilya da Nasiha, da ƙanwarki Hindu da ke Meiganga, da dukkan dangi na Garwa da na Najeriya. Allah ya ba ku haƙuri da juriya.

Adda, addininmu ba ɗaya ba ne, amma zan roƙa miki da kalmomin da na ji kina roƙa wa naki mamatan. Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Ya raba ki da wuta, ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.