Alhajin Sama

Kakarmu Iya ba ta ɗauki jirgin sama a bakin komai ba. A gidanmu na Ƙofar Kuyambana, da an idar da sallar magariba mukan kewaye ta a gindin murhu, tana gasa mana gyaɗa tana tatsuniya. Da ƙafa ta je Makka tun tana amarya, shekara uku tafi da dawowa. A hanya ƙanwarta Habiba ta kwanta ciwo, ayari kuma ba ya jira, sai aka bar ta wurin wasu Hausawa a wani ƙauye a Sudan. Da suka biyo ta ƙauyen a hanyar dawowa, mutanen sun tashi. Tun daga ranar duk wanda ya dawo daga gabas sai Iya ta tambaye shi labarinta.

Shekarar da Baffa Sale, ƙanen babanmu, ya sauke farali, mun ga iyayi. Ma'aikacin sakatariya ne, ya dawo da haƙorin Makka da agogon da ya fi ƙarfin hannunsa. Kowa ya zo barka sai ya sha lissafi: “Daga filin jirgin Kano zuwa na Jidda awa biyar ba ta cika ba. Mota daga nan zuwa Legas ta fi shi daɗewa nesa ba kusa ba.” Kai ka ce shi ya tuƙa.

Ran nan ya kawo wannan surutu har gindin murhu. Iya ta ce, “Alhajin sama, ka bi ta Sudan?”

“Ta samanta muka wuce, Iya.”

“Wa ka gani?”

“Gajimare.”

Ta ja tsaki, ta juyo gare mu da tatsuniya. Wai wani malalaci ne uwarsa ta aike shi garin dangi ya dubo su, sai ya roƙi mikiya ta goya shi. Kafin tuwo ya huce ya je ya dawo, yana ta hura hanci. Uwar ta ce, rijiyar kan hanya da ruwa? Bai sani ba. Gwaggonka ta ƙauyen tsakiya tana da rai? Bai sani ba. Ta ce, to ɗauki sandarka, ba ka je ko'ina ba. Muka kwashe da dariya, Baffa ya ce tsufa ne.

Da shekara ta kewayo ya samo mata kujerar Makka, don a ce ya kai uwarsa. Tambaya ɗaya ta yi: “Zai tsaya a Sudan in sauka in duba?” Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki. “Iya, jirgi fa ba motar hayar garin Giwa ba ce.” Ta ce to ya riƙe kujerarsa. Ni ma na yi dariyar, kuma har yau ina jin kunyarta. Bayan shekara biyu Iya ta rasu, ba ta ji ko Habiba na raye ba.

Na daɗe ina zaton ƙauyanci ne ya sa ta raina jirgi. Sai da na girma na gane ba saurin ta tsana ba. Hanyar ce aka ɗauke daga ƙasa, ba sauran mai wucewa ta inda ta bar 'yar'uwarta balle ya kawo labari.

Da nawa aikin hajjin ya zo, na ɗaura niyyar ko ta taga ce in yi wa Habiba addu'a. Na tambayi ma'aikaciyar jirgi yaushe za mu shiga Sudan. Ta ce, “Hajiya, ai mun wuce tun kina cin abinci.”