Na riƙe takardar Talatu saboda ƙuri'a ɗaya

Yau shekara bakwai ke nan da muka binne yayata Saratu a Muchalla. Adda muke ce mata. 'Yan kasuwar Mubi sun san ta da matar nan mai leƙa idon 'ya'yan mutane, har wasu na cewa ta taɓu. Ba su san wanda ya mai da ita haka ba. Ni ne.

Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya guda, Talatu, mai shekara biyu. Ni ne kawun yarinyar, a gidanmu kuwa maganar kawu ba a tsallake ta, ga shi ni kaɗai na yi boko. Wata rana Adda ta lura idon yarinyar na hagu yana wani farin ƙyalli idan haske ya same shi ta gefe, kamar na kyanwa. Har dariya muka yi. Malamin asibiti kuwa bai yi dariya ba. Ya ce ciwon daji ne, ya rubuta takarda a kai ta babban asibiti a Kano a cire idon tun bai bi ciki ba.

Lokacin ana shirin ƙuri'ar nan ta ko mu bi Nijeriya ko Kamaru, wadda aka ce har mata ma za su jefa. Ni kuwa na shiga harkar har wuya, kullum ina kan keke ƙauye-ƙauye. Adda ta same ni a ɗakina a unguwar Yelwa, takardar ɗaure a bakin zaninta.

Ta ce, "Bitrus, ka sa mu a mota."

Na ce, "Haba Adda, bari mu san ko 'yan wace ƙasa ne mu tukuna. In kin tafi wa zai jefa taki ƙuri'ar? Sati shida ne fa kawai."

Na ninke takardar na sa a aljihu. Ta jefa ƙuri'arta da Talatu a goye, idon ya fara kumbura. Ɓangarenmu na Nijeriya ya ci, na yi rawa a kan titi. Da muka isa Kano likita ya duba yarinyar, ya duba ranar da ke jikin takardar, sannan ya dube ni. An cire idon, amma ciwon ya riga ya wuce gaba. Talatu ba ta kai kaka ba.

Wallahi da Adda ta zage ni da na samu sauƙi. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga maganar ba. Sai ta kama wani aiki da ba wanda ya sa ta. Ran kasuwa ta karɓi ɗan mutane kamar za ta yi masa wasa, ta juya shi gefen haske ta leƙa. In ta ga farin nan, ba ta barin uwar sai ta san gidansu. Ta kwanar da su a ɗakinta, ta ƙulla musu gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta raka su har cikin mota. An sha korar ta da zagi. Yaro ɗaya na san ya rayu ta dalilinta, yana nan yana ɗinki da ido guda.

Ina yawan tambayar kaina abin da za ta ce da Mubin yau. Ofisoshi sun ƙaru, motoci sun ƙaru. Amma tun da ta kwanta ba wanda ya gaji aikinta, har ni da ya fi kamata. Kunya take hana ni taɓa ɗan wani.

Watan jiya wani manomi daga Wuro Patuji ya zo da matarsa, suna cigiyar "matan nan da yana duba ido." Na ce ta rasu. Na karɓi ɗan nasu, na juya shi gefen ƙofa yadda take yi. Farin yana nan. Na ɗauko takardar Talatu da ke cikin akwatina har yau, na gaya wa uban duk abin da na aikata, ban rage komai ba. Na ce ni zan raka su gobe.

Ya yi min ta'aziyya sosai, mutumin kirki. Sannan ya ce sai an cire gyaɗa, sati shida ne kawai.

Matar ta karɓi ɗanta. Ta gyara goyonta ta bi shi, daidai yadda Adda ta fita daga ɗakina.