Buhunan Riɗina da Kalmar "Ya Zo"

Har in koma ga Allah, abin da ya same ni a Lafia lokacin ina ƙaramin akawu ba zai fita raina ba.

Ni mutum ne mai nauyin baki. Layin banki yana sa ni zufa, taron adashi kuwa ko kusa, kuma ban iya cewa a'a ba in an roƙe ni. Sai yayata da ke aure a Assakio ta haɗa ni da wata ƙawarta 'yar ƙabilar Eggon mai awo a kasuwa. Duk ƙarshen wata in miƙa mata wani abu daga albashi, ta saya mini riɗi ta ajiye a shagonta. Ba dogon zance, gaisuwa kawai.

Da haihuwar matata ta matso, likita ya ce sai an yi aiki. Na je a sayar da riɗin.

"Mama, buhunana fa?"

"Ai ɗan'uwanka ya zo jiya, ya ce a sayar. Ya tafi da kuɗi."

Ƙane ɗaya gare ni, ɗan acaɓa, mai yawan neman rance. Maimakon in tambaye ta wanne, wallahi "to" kawai na ce, na juya.

Kwana biyu abinci ya ƙi shiga. In kalli matata tana nishi, in kalli ƙasa. Rana ta uku na sami ƙanen nawa a tasha, ni da ba a jin muryata, na kira shi ɓarawo a gaban abokan aikinsa. Ya tsaya yana kallona.

Ina komawa gida na tarar da yayata a tsakar gida tana kwance bakin zane, tana fito da kuɗin riɗina.

"Sabon riɗi zai fito, farashi zai faɗi, shi ya sa na sa Mama ta sayar. Yarona ne ba lafiya, da tun shekaranjiya na kawo maka."

Na manta Hausar Mama ba ta raba mace da namiji, kowa "ya" ne a bakinta.

An yi aikin lafiya. Amma ƙanena bai zo suna ba, ya shekara bai taka gidana ba. Na koyi cewa shiru yana iya tara wa mutum kuɗi, amma tambaya ɗaya da na ji nauyin yi ta fi buhunan nan tsada.