Bareyin da Na Ba da Labarinsu

Mijina maharbi ne, ɗan maharbi. Garinmu yana arewa da Issawane, inda gonaki ke ƙarewa. Sa'ad da anka kawo ni gidansa, barewa ba abin kallo ba ce, ko a hanyar rijiya mukan gan su. Shekaru sunka tafi, gonaki sunka cinye daji, har ya zamana garke ɗaya ya rage, bareyi bakwai, cikin wani kwari mai sabara da aduwa, tafiyar hantsi daga gari.

Shi da maharba ukun da sunka saura sunka ɗaure magana: ba mai harbin su, ba mai faɗin inda suke. Ba takarda, ba shaida. Shekara shida suna haka. Zomo yake kawo mini, ko zabon daji, wata rana hannu wofi. Da kaka yakan je ya duba sawu, ya dawo ya ce sun zama tara, ko ya ce ɗaya ta ɓata. Ni kaɗai yake gaya wa.

Ni kuwa ban yi lakkol ba, ban san boko ba, amma a ƙasar nan ba macen da ta fi ni iya labari. In na soma, mai daka takan aje taɓarya.

Wata ranar rani wani ma'aikacin gandun daji ya zo da direbansa. Maigida ya tafi kasuwar Mayahi. Ma'aikacin ya ce an aiko shi ƙirga namun dajin da sunka rage, don a san inda za a bar farauta da permi, wato takardar izini, da inda za a rufe. Na shimfiɗa masu tabarma a gindin gawo, na dama fura. Ya ce ya zagaya ko'ina, yankinmu ba barewa ko ɗaya, maharbanmu sun ƙare su, abin da zai rubuta ke nan.

Na ce, "Ɗana, aje alƙalaminka. Maharbanmu ba su ƙare komai ba."

Na ba shi labari. Na kai shi kwarin da baki, ta wajen tsohuwar aduwar da tsawa ta raba, na nuna mai inda suke kwanciya da rana, da inda suke lasar raɓa. Ban bar komai ba. Ya yi murna, ya ce, "Iya, zan nemi a hana harbi a wurin." Na yarda da shi, har yau ma ina ganin da gaske yake. Direban yana gefe yana shan fura.

Da maigida ya dawo na faɗa mai, ina jin na wanke sunansa. Ya tambaye ni mutum nawa sunka ji. Na ce biyu. Ya tashi ya ba jaki dusa.

Kafin ruwan fari, motoci biyu irin na shiga yashi sunka bi ta bayan gari da hantsi. Mun ji bindigogi, ba irin namu ba. Ina sussukar gero, na ci gaba da sussuka. Bayan azahar maigida ya tafi a ƙasa, ya iske sawun taya ya zagaye kwarin sau da yawa. Ba mu san ko su wane ne ba. Wasu sun ce suna da permi na wani wuri, wasu sun ce ba su da shi. Ban san ta bakin wa labarin ya kai masu ba. Na san dai inda ya soma.

Takardar hana harbi ta zo bayan kaka. Ma'aikacin da kansa ya kawo, tare da allon ƙarfe mai zanen barewa. Maigida ya raka shi sunka kafa shi bakin kwarin. Da sunka dawo ya tambayi maigida bareyi nawa zai rubuta. Maigida ya ce tun kafin ruwa bai ga sawun ko ɗaya ba. Mutumin ya daɗe riƙe da alƙalami, sannan ya yi mana sallama.

Har maigida ya rasu bai taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba. Allon yana nan. Awaki ke susa a jikinsa.