Ranar da Na Kori Shamuwa

Asabar ɗin ƙarshe ta watan Mayu, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na tsaya ni kaɗai a lambun unguwarmu a Sabon Garin Zariya, tsintsiya a hannu, ina kallon wutar da na kunna tana lasar rassan ɗorawa. Ranar tsaftar muhalli ce, kowa na cikin gidansa yana shara, Baba kuma ya kwana a gonarmu ta Shika saboda shuka. Ni kuwa, sarkin iyayi, na ce bari in yi aikin da za a yaba mini.

Lambun ba wani babba ba ne, ɗan fili ne da unguwa ta bari tsakanin coci da makaranta, Baba yake kula da shi don ra'ayin kansa. Lebura ne a wata gonar gwaji a Samaru, a can ya koyi cewa in babu ƙudan zuma kabewa sai dai ta yi fure ta zubar. Ya shuka zogale da riɗi da furanni, ya rataye amya biyu a kan ɗorawar, ya ajiye kasko da ruwa da 'yan duwatsu a ciki don kada ƙwari su nutse. A kusurwa guda kuma, kusa da gindin ɗorawar, ya tara busassun karare da ruɓaɓɓun itatuwa, ya hana kowa taɓawa. Yakan ce, "Wannan ba datti ba ne, gidan wasu ne." Ni dai datti na gani, malamarmu kuma ta ce datti ƙona shi ake yi.

A saman ɗorawar nan shamuwoyi ke sauka duk shekara in damina ta gabato, su kwashi ƙirare daga kusurwar Baba su yi sheƙa. Kakata ta sha gaya mana cewa su ke jawo ruwa daga kudu, in kuma aka kore su, da ruwansu suke tafiya. Ban tuna da maganar ba sai da hayaƙi ya turnuƙe, na ji fuka-fukai suna kaɗawa a sama. Suka tashi gaba ɗaya, suka kewaya bishiyar sau biyu, suka nufi wajen Dogarawa. Kafin in rufe baki ƙudan zuma sun fito, ɗaya ta harbe ni a kunne. Na ruga gida. Maƙwabta ne suka kashe wutar da bokitai, suna ta zagin masu shan taba. Na ce wa Mama rina ce ta harbe ni a banɗaki, ta cire ƙarin da farce, ta shafa mini manja.

Daga ranar ruwa ya ɗauke. Mako ɗaya, mako biyu, sama wayam. Masarar da ta tsiro ta fara nannaɗewa. Maƙwabtanmu Musulmi suka fita roƙon ruwa, mu ma aka sa azumi a coci. Duk sanda fasto ya ce, "Ubangiji, in akwai mai laifi a cikinmu, ka tona shi," sai in sunkuyar da kai ina jiran ya kira sunana. Na daina fita gaɗa, tuwo ya daina wuce mini. In an aike ni niƙa, ta bayan layi nake bi don kada in ga baƙin tabon da ke jikin ɗorawar. Gani nake duk yunwar da za a yi a Zariya a wuyana take. Abin da ya fi firgita ni shi ne shirun Baba. Ya dawo, ya kwashe tokar, ya sauke amyoyin da ba kowa a ciki, bai tambayi kowa komai ba.

Wata Lahadi bayan an tashi coci ya ce in ɗauko bokiti in biyo shi. Ina cikin zuba ruwa a kaskon kuka ya ƙwace mini.

"Baba, ni ce. Ni na kori ruwan."

Ya dube ni ya ce, "Rifkatu, tun ranar na sani. Rina ba ta barin ƙari a jiki, zuma ce ke bari. Ruwa na Allah ne, ba ki isa ki kore shi ba. Amma gidan da kika ƙona, ke za ki gina shi."

Mako guda na yi ina jido karare a ka bayan an tashi makaranta, 'yan ajinmu suna tsokanata wai na zama 'yar itace. Ruwa ya dawo ana cikin haka, masarar ta farfaɗo. Shamuwoyin kuwa ba su yafe mini da wuri ba, sai da shekara ta zagayo suka dawo, kuma ni na fara ganinsu, na shiga gida da gudu har na ture tulu.

Baba ya rasu da daɗewa. An sare ɗorawar, shagunan sayar da waya ne yanzu a wurin lambun. Ina zaune a Samaru, a bayan gidana akwai kasko da 'yan duwatsu da tarin kara, maƙwabta suna ce mini malalaciya, ina jin su. Ƙudan zuma suna zuwa, amma duk Mayu in na ɗaga kai ba na ganin shamuwa ko ɗaya. Ina 'yar shekara tara na kasa cin tuwo don na kori shamuwa ta damina ɗaya. Yau gari guda ya kore ta gaba ɗaya, ban kuwa ga wanda abin ya hana cin abinci ba.