Mai Neman Akawal a Kasuwar Filinge

A Filinge, ko wanda bai mallaki jaki ba yana da ta cewa a kan doki. Yau ran kasuwa, ina tsaye a wurin dawaki ina kallon wani dogon mutum, ramamme, takalmansa na taya duk sun cinye. Ba ya taya doki, ba ya duba haƙora. Bi kawai yake yi yana leƙa fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

A gaban wani akawal, baƙin doki, ya tsaya cak. Ya yi fito sau ɗaya, dokin ya fizgi igiya yana haniniya.

Dillalin, wani ƙato da ake kira Ɗandije, ya matso da murmushi. Bai gama sallama ba mutumin ya tumɓuke turke ya maka masa a baki. Jini ya wanke gaban riga. Ya danne shi, ya shaƙe masa wuya, yana buga ƙeyarsa da ƙasa.

"Ina kas samo dokin ga?"

"Wallahi kasuwab Baleyara nis saye shi!"

"Ƙanena Albarka ab bisa nai ran da ya ɓace. Wata bakwai!"

Da ƙyar maza huɗu suka ɓamɓare shi. Ina jin manomi ne da ya bar gero a gona yana bin kasuwanni. Jandarmomi na jan sa, shi kuwa dokin yake yi wa tambaya, murya a dushe:

"Kai kana nan ran nan. Ina kab bar shi?"