Talata Uku da Tela Ba Ta Zo Ba

Shekara goma sha ɗaya Sista ta yi a ɗakin ƙarshe na sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Ba ta ba da ƙwaya, ba ta yin allura. Aikinta zama da magana, awa ɗaya duk Talata, da mutanen da halinsu ya hana su zama lafiya da kowa: yau su ɗauke ka tamkar uwa, gobe ko gaisuwarka ba za su amsa ba. Wani Farfesa na bincike don a gano ko wannan maganar tana magani, ni kuma aka ɗauke ni in riƙa shigar da takardun a kwamfuta.

Binciken yana da doka: duk wanda ya yi fashin zama uku a jere, a rubuta ya fice, a sa shi cikin waɗanda jinyar ba ta amfana ba. Da mutum sittin aka fara. Farfesa ya ce in suka gaza talatin za a rufe binciken, a mayar da Sista ɗakin kwantar da marasa lafiya. Talatin cif suka rage, har da Tela.

Tela mace ce da aka kora daga shagon ɗinki bakwai saboda faɗa. Ta taɓa kiran Sista munafuka, bayan mako ta dawo tana kuka. Sai ga shi ta yi fashi uku.

Sista ta ce mini, "Taso, 'yata, ki raka ni. Gwiwata ba ta son hawan bene ni kaɗai."

Muka same ta a wani shago a sama, keke na gudu, allura a baki.

"Sista! Har nan kika biyo ni? Ko kin zo awon riga ne?"

"Rigar ƙaniyarki. Ina kika shiga?"

Tela ta rage murya. "Wata huɗu ke nan a nan, ban zagi kowa ba. Jiya wata ta ce na ɓata mata wuyan riga, na ƙirga numfashi kamar yadda kika koya mini, na farke na sake. Yanzu an mayar da yankan yadi ranar Talata. In ce wa mai shago me? Zan je asibitin mahaukata?"

Sista ta juya za ta fita. "Yi aikinki," ta ce.

Da muka koma ta zauna da takardar Tela a gabanta. Da ta so, sai ta rubuta cewa ziyarar nan zama ce, ba wanda zai sani sai ni. Ta cire tabarau ta murza idanu, sannan ta rubuta: ta fice. A gefe ta ƙara: saboda ta riƙe aiki.

Na ce a hankali, "Sista, kwamfutar ba ta da gurbin wannan."

"Na sani. Ashirin da tara ke nan. Shigar."

Ƙarshen wata aka rufe binciken. Kafin ta kwashe kayanta, ta rubuta wa Farfesa shafi biyu: in za a sake, a bi mutane inda suke aiki, a tambayi wanda ya daina zuwa dalilinsa, a buɗe zama ranar Asabar. Ya ce zai duba idan ya dawo daga taro.

Yanzu tana ɗakin kwanciya na mata, tana raba ƙwayoyin safe da na rana. Ƙafarta na kumbura kafin azahar.